Nauyin Kuza

Mun bar Kwangila rana ba ta yi ƙwari ba,
ni a sitiyari, Inna Lantana a gefe,
buta a ƙarƙashin ƙafa, carbi a cinya.
Ta ce, "Cindo, kada ka yi gudu,
abin da za mu gani ba ya guduwa."

Dakace ta wuce, Maigana ta wuce.
A Soba muka sha mai galan biyu,
yaron ya tace mana shi da tsumman hula.
Daga nan kwalta ta fara zubar da haƙora,
rami, faci, rami,
mota na ƙugi kamar tsohon da aka tasa daga barci
bai gama mafarki ba.

Sai duwatsu suka miƙe tsaye ba sallama,
baƙaƙe, masu sanƙo,
kowanne da tabon sara a kwiɓi.
Inna ta manna goshi a gilashi.
Idonta ya yi yana, amma hanyar na cikin kanta.
"Nan jirgi ke bi, ɗan ƙaramin nan mai tafiyar hawainiya.
Ka sauka ka kama ruwa, ka dawo ka cim masa."
Na duba, ban ga dogo ba,
tudu ne kawai dogo, dawa ta hau kansa.

Bayan Dutsen Wai ta ce in karya hagu.
Hanyar burji ce, ba ta kai tafiyar cin goro ɗaya ba,
amma ta ratsa garuruwa uku
da suka rage suna kawai:
wani ginin dutse ba jinka, awaki na tuƙa a ofishin biya,
ƙarfen sikeli ya yi tsatsa, kurciya ta yi sheƙa a wuyansa,
layin mangwaro a jere kamar leburori ranar Asabar
suna jiran sulen da ba zai zo ba.

"Tsaya."
Na tsaya.
"Ɗakinmu na bakin ramin nan."
Ba rami, Inna. Kududdufi ne, kore shar, shiru.
Injin ban ruwa na tari a gefensa,
wani yana shayar da tumatir da zufar kakana.

Ba ta yi kuka ba.
Ta kira sunaye kamar hedimani da littafi:
Barau mai tari. Jatau ɗan Gobir.
Talle, wanda ƙasa ta rufta da shi ranar wata Laraba
aka ci gaba da aiki bayan azahar.
Da Dogara, ubanta,
wanda kwanon sarki ya cinye wa gashin tsakar ka.
Ruwa bai amsa ko ɗaya ba.

Can ƙasa wata yarinya na wanke yashi a ƙwarya,
tana juyawa, tana juyawa,
har baƙin ya kwanta a gindi.
Inna ta ce ta sayar mata da tafi guda.
Yarinyar ta yi dariya: "Da mudu ake saye, Kaka."
Ta zuba mata kyauta.

"Kawo hannunka."
Na miƙa. Abu kamar gero, bai cika tafina ba,
amma ya ja hannuna ƙasa.
Ta ce, "To, ka ji.
Ka ninka wannan sau kwano, sau yini, sau shekara goma sha tara.
Da shi aka saya wa ubanka allon makaranta,
da shi kake tuƙa wannan."

A dawowa ta yi barci tun kafin Soba,
ƙullin kuza a bakin zaninta,
kanta na gyaɗawa duk ramin da muka faɗa.
Na rage gudu.
Fitilun Zariya sun fito can gaba,
ni kuwa hannun damana bai daina jin nauyin ba.